Abin da Na Share a Yendi

A shekarata ta biyu da fara aiki na share rajistar mata masu ciki ta wani gidan haihuwa a Yendi. Duk sanda na zauna zan ba da labarin, sai in ga dole in faro daga Salaga, domin a can na rubuta layuka biyun da suka jawo abin. A tsakar gidanmu ne, ina zaune kan tabarma, mahaifiyata tana gefe tana ware busasshen kifin da aka kawo mata daga Makango.

Aikina a lokacin shi ne kula da kwamfutocin wata ƙaramar ƙungiya ta ungozomomi masu gidajen haihuwa na kansu. Gidaje biyar ne, a warwatse daga Salaga har Bawku. Mu biyu ne kawai a kan aikin, ni da shugabana, wani dattijo mazaunin Bawku da kowa ke ce wa Masta, saboda gyaran rediyo ya fara yi kafin ya koma kan kwamfuta. Shi yana riƙe da gidajen arewa, ni na kudu, waya ce ke haɗa mu.

Duk gidajen da manhaja ɗaya suke aiki. Tsohuwa ce, wanda ya rubuta ta ya daɗe da barin ƙasar, amma ungozomomin sun saba da ita. Kuma tana yi musu wani abu da ba sa wasa da shi: duk ranar Litinin takan fitar da sunayen matan da haihuwarsu ta kusa, ta sa jan tambari a kan waɗanda ke da matsala, tare da lambar wayar da za a neme su. Damuwar ita ce manhajar ba ta tashi sai a kan tsohon tsarin kwamfuta, tsofaffin kwamfutocin kuwa suna ta mutuwa ɗaya bayan ɗaya. Sai Masta ya kawo dabara. Akwai hanyar da ake sa sabuwar kwamfuta ta ɗauki wata kwamfutar a cikinta, wadda ba ta da jiki, sai dai ta buɗe a kan allo ta yi aiki kamar tsohuwar. Muna ce mata kwamfutar ciki. Duk abin da ta mallaka, da tsarinta da manhajar da sunayen matan, yana zaune ne a cikin babban fayil guda ɗaya, wanda muke kira faifai, ko da yake ba abu ne da za ka riƙe a hannu ba. In faifan nan ya salwanta, komai ya tafi tare da shi.

Masta da hannu yake haɗa faifan, umarni bayan umarni, yana tsayawa yana duba kowanne, har ya ci rabin yini. Ni kuwa ban daɗe da fitowa daga makaranta a Tamale ba, sai na ga ɓata lokaci ne. Na zauna na rubuta 'yar manhajata mai jera umarnin da kanta. Ta ƙirƙiri faifan, ta zuba tsarin a ciki, ta ɗora manhajar ungozomomi, sannan ta rubuta "An gama" a kan allo.

A gidan haihuwa na Salaga na fara gwada ta. Ban lura ba ashe kwamfutarsu ta kusa cika da hotunan suna da na biki. Faifan ya kai rabi sai wuri ya ƙare, aikin ya tsaya. Manhajata ba ta taɓa tambayar ko matakin da ya wuce ya yi nasara ba, sai ta zarce abinta ta rubuta "An gama". Na tattara kayana na koma gida da fara'a. Washegari da safe ungozomar ta kira ni ta ce abin ya ƙi buɗewa. Na je na tarar da rabin faifai, gurgu, ba ya aikin komai. Da na sake kunna manhajata sai aikin ya ƙi farawa ma, domin wannan rabin faifan ya riga ya riƙe sunan. Sai da na share shi da hannu.

Ba a yi asarar komai ba a ranar, tunda tsohuwar kwamfutarsu tana nan tana aiki. Kunya ce kawai ta kama ni, musamman da ungozomar ta haɗu da mahaifiyata a kasuwa ta ba ta labari cikin raha. Da la'asar na zauna a tsakar gida na ƙara layi biyu. Ma'anarsu ita ce: in wani mataki ya gaza, ko wanne ne, a share faifan a fita.

Mahaifiyata ta ɗago ta dube ni ta ce, "Ke da wa kike murmushi?"

Na ce, "Na koya mata ta riƙa share ɓarnarta da kanta."

Ta ce, "To madalla, ta fi ki ke nan," ta ci gaba da kifinta.

Ban nuna wa Masta layukan ba. Na ga abin bai kai a kira babban mutum a kansa ba.

Bayan 'yan watanni aka tura ni Yendi. Mai gidan haihuwar can dattijuwa ce, ta yi aikin jinya na gwamnati har ta yi ritaya, sannan ta buɗe nata wurin a bayan gidanta. Da majinyata Dagbanci take yi, da ni kuwa Hausa, domin mahaifiyarta 'yar zango ce, unguwar Hausawa. Mma nake ce mata, ita kuma ta ce mini 'yata. Masta ne ya haɗa mata faifanta da hannunsa tun kafin in fara aiki, kuma duk matan da suka bi ta hannunta daga lokacin suna ciki. Abin da take so daga wurina ƙarami ne. Za ta ɗauki sababbin ma'aikata, ba ta son su koyi aiki a kan rajistar gaskiya, sai ta ce in haɗa mata faifai na biyu, wanda babu kowa a ciki, don gwaji.

Ranar Alhamis ce da hantsi. Kwamfutar tana wani lungu na ɗakin ajiya, tsakanin kwalayen safar hannu da na auduga. Mma ta sa aka kawo mini koko da ƙosai, ta koma wurin majinyatanta. Na rufe kwamfutar ciki, na kunna manhajata.

Akwai sunan da manhajata take ba kowane faifai in ban ce mata komai ba. Daga wurin Masta na kwafi sunan, don aikinmu ya zama iri ɗaya. Wato sunan da faifan Mma na gaskiya ke ɗauke da shi ke nan. Kamata ya yi in canja shi kafin in fara. Ban canja ba, ban ma tuna ba.

Ko minti ɗaya ba a yi ba allo ya rubuta: "An samu matsala. An share ragowar fayil." Bai faɗi irin matsalar ba, domin ban rubuta masa ya faɗa ba. Na ɗauka wuta ce ta yi ƙasa, abin da aka saba. Har wani daɗi na ji, na ce ga layukana suna aiki. Na kurɓi koko na sake kunna ta. Wannan karon ta tafi daidai, ta ɗauki kusan minti arba'in, ta rubuta "An gama". Na buɗe sabon faifan na ga rajista fes, babu suna ko ɗaya, kamar yadda ake so na gwaji ya zama. Sai na koma don in kunna wa Mma nata na gaskiya.

Fayil ɗaya ne a wurin. Wanda na gama haɗawa.

Na daɗe ina kallon allon kafin abin ya shiga kaina. A karon farko, na'urar haɗa faifai, wadda manhajata take ba umarni, ta tarar da fayil mai wannan sunan, sai ta ƙi taɓa shi. Ta yi abin da ya dace, ta kare shi. Amma manhajata ta ɗauki ƙin nan a matsayin gazawa, ta bi umarnina ta share faifan. A karo na biyu babu abin da ya tare hanya, shi ya sa komai ya tafi lami lafiya.

Na duba kwandon shara na kwamfutar, duk da na san abin da aka share ta wannan hanyar ba ya zuwa can. Na tuna da ƙaramin faifan ajiya da ke jone a bayan kwamfutar, wanda ya kamata ya riƙa ɗaukar kwafi duk mako. Na buɗe shi. Kwafi na ƙarshe tun kafin azumi aka yi shi, wata biyar ke nan.

Mma ta leƙo ta ce, "'Yata, kin gama? Akwai wata a waje, ina son in duba bayaninta."

Na ce, "Saura kaɗan, Mma."

Sau biyu ta leƙo, sau biyu na yi mata wannan ƙaryar. Ina zaune ina buɗe wurare ina rufewa, ba don ina tsammanin zan ga wani abu ba, sai don ban san yadda zan tashi ba. Da aka yi sallar azahar na same ta a kan darduma ba ta naɗe ba tukuna. Na durƙusa a gabanta.

"Mma, na yi ɓarna. Na share rajistarki."

Ta dube ni. "Wacce?"

"Ta gaskiyar. Akwai kwafi, amma na kafin azumi ne."

Ta yi salati a hankali. Ba ta ɗaga murya ba, kuma da ta ɗaga da na fi samun sauƙi. Ta ce, "Matan da suka yi rajista bayan azumi fa? Su ne za su haihu yanzu."

Na ce, "Ba sa cikin kwafin."

"Tun yaushe kika sani?"

"Tun da hantsi."

"Shi ne kike ce mini saura kaɗan?" Ta miƙe ta naɗe dardumar. "Ɓarnar kwamfuta ban san kanta ba. Amma wannan na san shi. Kira Masta."

Masta ya saurare ni har na gama bai katse ni ba. Tambaya ɗaya ya yi. "Bayan ta share, kin sake kunna ta?"

"Na sake."

Na ji ya ja numfashi. "To kashe kwamfutar yanzu, kada ki ƙara taɓa komai. Ki kwance ta ki ciro faifan ƙarfen da ke ciki, ki naɗe shi da kyau, gobe ki taho da shi."

Da sassafe na shiga motar Gushegu, daga can na samu wata mai zuwa Nakpanduri, sannan ta Garu. Faifan ƙarfen yana naɗe cikin ɗankwalina biyu a cikin jaka, jakar tana kan cinyata, duk ramin da muka faɗa sai in ɗaga ta sama. Wata mata da ke kusa da ni ta tambaye ni ko ƙwai na ɗauko. Na kasa cin komai a hanya. Direban ƙarshe yana ta sauri don mu shiga Bawku kafin lokacin dokar hana fita da aka sa a garin, muka kuwa shiga da sauran rana. A gidan Masta na sauka, matarsa ta ba ni ɗaki.

Shagonsa yana kan hanyar kasuwar dabbobi, motocin albasa da na shanu suna wucewa suna girgiza ƙofar. Kwana biyu ya yi a kan faifan. Ya bayyana mini cewa in aka share fayil, sunansa ne kawai ake cirewa, abin da ke ciki yana nan kwance har sai an rubuta wani abu a kansa. Da na tsaya a karon farko, da kusan komai ya dawo. Sabon faifan da na haɗa ne ya kwanta a kan wurin tsohon. Abin da ya iya tsamowa gutsattsari ne: sunaye babu lambar waya, lambobi babu mai su, rabin bayani da ya yanke a tsakiya.

A rana ta biyu ya ce in buɗe masa manhajata. Ya sa tabarau ya karanta ta daga sama har ƙasa, ya tsaya a kan layukan biyu ya sa yatsa.

"Wannan fayil ɗin da kika ce a share, wa ya ƙirƙire shi?"

"Manhajar ce, Masta."

"A Salaga ita ce. A Yendi fa?"

"Kai ne."

"To ta yaya ta san bambanci?"

"Ba ta sani ba."

"Ba ki faɗa mata ba dai." Ya cire tabarau. "Kin haɗa duk gazawa kin yi musu kuɗin goro. Wuri ya ƙare, gazawa ce. An ɗauke wuta, gazawa ce. Amma in na'ura ta ce miki akwai kayan wani a nan, ba zan taɓa ba, ai taimakonki take yi. Kuma ta faɗi dalilinta a fili, ke ce kika toshe mata baki kika sa naki rubutun a kai. Da kin ga an rubuta akwai fayil mai wannan sunan, za ki sake kunnawa?"

Na ce a'a, hawaye suna zubo mini. Ya bar ni na yi kukana, ya fita ya sayo mana ruwan sanyi. Da ya dawo bai zauna a kujerarsa ba, sai ya jingina da tebur.

Ya ce, "Kin tambayi kanki me ya sa kwafin ya tsaya kafin azumi? Ni na rubuta abin da ke ɗaukar kwafin. Na duba jiya. Wata rana aka cire faifan ajiyar aka mayar da shi a wata kafa, kwamfutar ta ba shi wani suna. Manhajata takan neme shi duk mako ta rasa, sai ta koma ta kwanta ba ta ce wa kowa komai ba. Wata biyar tana haka. Zan kira Hajiya mai gidan haihuwar in faɗa mata da bakina."

Ya kuwa kira ta a gabana. Hakan bai rage mini nauyin da nake ji ba, amma ya sa na iya zama na yi aiki.

Kwana ɗaya muka ƙara muna sake rubuta manhajar. Yanzu kafin ta yi komai sai ta duba ko akwai fayil mai sunan da aka ba ta. In akwai, ta tsaya cak ta faɗi haka, ba ta taɓa shi. Ba ta da wani suna na kanta kuma, dole mutum ya rubuta. Takan auna wurin da ya rage kafin ta fara. Sabon faifan kuma ba da sunansa na gaskiya take haɗa shi ba, da wani suna na wucin gadi ne wanda ita ta ƙirƙira a lokacin, sai ta gama ta gwada shi ya buɗu sannan ta sauya masa suna. In aiki ya lalace a tsakiya, wannan na wucin gadin kaɗai take da ikon sharewa, kuma sai ta nuna ainihin abin da na'urar ta ce. Masta bai yarda da ita ba sai da muka azabtar da ita. Ya cika kwamfuta da tarkace ya ce in kunna. Ya bari ta kai rabi ya fizge wayar wuta daga bango. Ya ajiye wani fayil na banza da sunan da zan bayar, ya tsaya yana kallo ko za ta taɓa shi. Sau biyu muka kama ta da laifi muka gyara. Tasa manhajar ta kwafi ma ya sa mata baki, in ta rasa faifan ajiya sai ta cika allo da jan rubutu har sai wani ya kula.

Daga nan na koma Yendi, na yi mako huɗu a can. Muka ɗora kwafin kafin azumi, muka fara cike giɓin. Sa'ar da muka yi ita ce kowace mai ciki tana da ɗan littafin awo da take riƙewa a hannunta. Mma ta aika saƙo ta bakin matan da ke zuwa, da masu sayar da man kaɗe a kasuwa, da matan limamai, cewa duk wadda ta yi rajista bayan azumi ta kawo littafinta. Suka riƙa zuwa, wasu da goyo, wasu daga ƙauyuka a bayan babur. Ina zaune a lungun nan daga safe har yamma ina shigar da su ɗaya bayan ɗaya. Na koyi gaisuwar Dagbanci a dole. Wasu littattafan mai ya ɓata su, wani ɓera ya ci gefensa. Mma ba ta sake ɗago maganar ƙaryar da na yi mata ba, abincina ma daga tukunyarta yake fitowa, amma kwana da kwanaki ba ta ce mini 'yata ba.

Masu jan tambari ne suka fi damunta. Ta zauna da biro ta rubuta waɗanda ta tuna, muka gwada da gutsattsarin da Masta ya tsamo, muka same su duka sai mace ɗaya. Abin da ya rage nata a faifan rabin suna ne da bayanin cewa jininta yana hawa sosai, a tura ta babban asibiti kafin naƙuda. Babu lambar waya, babu sunan ƙauye. Mma ta tuna fuskarta, doguwa ce mai tsage a kumatu, sau biyu kawai ta zo awo. Ta kasa tuna daga ina take. Ranar kasuwa biyu muka bi rumfuna ni da Mma muna tambaya da rabin suna. Sunan kuwa irin wanda mata da yawa ke da shi ne. An kai mu wurin mata uku, babu ita a ciki.

A mako na uku, wata Laraba da la'asar, aka kawo ta a bayan keken kaya mai ƙafa uku. Ina cikin lungu na ji muryar Mma ta canja, na fito. Matar tana kwance kan tabarma a bayan keken, fuska da ƙafafu a kumbure, jikinta yana jijjiga, surukarta tana riƙe da kanta. Mma ta gane ta nan take. Ko sauke ta ba a yi ba. Ta yi mata allura a wurin, ta haye keken da kanta, suka nufi babban asibiti. Na tsaya a ƙofa da littafin wata a hannuna.

Uwar ta rayu. Jaririn bai zo da rai ba.

Washegari na samu Mma tana wanke kayan aiki. Na tambaye ta, "Mma, da rajistar tana nan, da kin kira ta?"

"Da na kira ta tun mako biyu da suka wuce."

"Da ta zo?"

Ta ajiye abin da ke hannunta. "Ban sani ba. Akwai waɗanda nake kira su zo. Akwai waɗanda wayar ta mijin ce, yana gona, ba ya ɗauka. Akwai waɗanda ke cewa to, ba za ki ƙara ganinsu ba sai irin jiya. Ita ma an faɗa mata a ranar awo ta koma asibiti, yana cikin littafinta, na gani. Ba zan ce miki ke kika yi ba, domin ban sani ba. Ba kuma zan ce miki babu hannunki ba, domin shi ma ban sani ba. Allah ne ya sani." Ta koma kan wankinta, can ta ce, "Je ki ci abinci, 'yata."

Da ƙungiyar ta yi zamanta a Tamale na tashi a gaban ungozomomin biyar na faɗi abin da na yi, har da sa'o'in da na ɓoye. Masta ma ya faɗi nasa. Ɗaya daga cikinsu ta ce ba ta son in sake taɓa kwamfutarta, kuma har na bar aikin Masta ne ke zuwa mata. Sauran suka bar ni in ci gaba da yi musu aiki. Aka yanke cewa duk Litinin a riƙa buga jerin masu jan tambari a takarda a ajiye a aljihun tebur. Bayan wata biyu na haɗa sabon faifai a gidan haihuwa na Tempane da manhajar da muka gyara. Sai da na ɗauki kwafi biyu kafin in fara, kuma duk tsawon aikin ban iya zama ba.

Kafin in bar Yendi a wancan karon, Mma ta ce za ta je yi wa matar da ta rasa jaririn gaisuwa, in zan bi ta. Muka hau babur biyu, muka bi wata hanya tsakanin gonakin doya har muka kai ƙauyen. Ashe bai kai tafiyar rabin awa daga inda muke ta nema ba. Mun same ta zaune a inuwar ɗaki, ta rame, an ɗaura mata zane a kai. Aka kawo mana ruwa a ƙwarya muka sha. Mma ta yi mata gaisuwa da Dagbanci, ta auna jininta, ta ja mata kunne a kan magani. Matar ta dube ni ta tambayi ko ni wace ce. Mma ta ce mai kula da kwamfutarta ce. Ta gyaɗa kai ta yi mini sannu da hanya.

Na so in ce mata wani abu. Na shirya maganar tun a kan babur, amma ba mu da yare ɗaya ni da ita, kuma ban san ta ina zan fara bayyana mata faifai ba, ko me hakan zai amfana mata. Abin da na iya yi shi ne na roƙi Mma ta tambayar mini ita lambar waya. Ta ba da ta mijinta. Na ce a ƙara tambaya ko akwai wata. Surukar ta kira wata maƙwabciya ta ba da tata. Na rubuta duka biyun a takarda, da sunan ƙauyen, da cikakken sunan matar, na karanta musu suka tabbatar. Muka yi sallama muka kama hanya, domin akwai mata huɗu da ke jiran Mma da littattafansu.